Rigunan Vancouver Canucks: wacce ta cancanci kuɗin mai saye?

Duk wanda ya shiga shagon kayan ƙungiyar Vancouver Canucks da ke filin wasanta na Rogers Arena, ko ya buɗe shafin shagon a intanet, riguna uku ne za su fara tare masa ido: shuɗiya wadda 'yan wasa ke sawa a gida, fara wadda suke sawa idan sun yi baƙunta, da kuma baƙa mai ratsin ja da rawaya wadda ake fito da ita a wasu zaɓaɓɓun wasanni. Shuɗiyar da farar tambarinsu ɗaya, hoton oka, wato babbar dabbar tekun nan mai launin baƙi da fari, tana fasa ƙanƙara tana fitowa. Baƙar kuwa tambarinta takalmin sulu ne a kan ƙanƙara, kuma ko launi ɗaya ba ta haɗa da 'yan uwanta ba. Wanda bai san tarihi ba zai rantse cewa kayan ƙungiyoyi biyu aka haɗa a kanta ɗaya, kuma ba za a ga laifinsa ba, domin a cikin ƙungiyoyi 32 da ke buga gasar NHL, babbar gasar hoki ta ƙanƙara ta Kanada da Amurka, da wuya a sami wadda ta kai wannan yawan sauya kama.

Shuɗiyar da baƙar duka suna hannuna, kuma abin da na fahimta bayan na sa su, na wanke su, na jera su na duba, shi ne ƙungiyar ta rarraba arzikinta ne maimakon ta tara shi wuri guda. Launukan da suka fi kyau suna jikin wata riga, tarihin da magoya baya suka fi ƙauna yana jikin wata, tambarin da ya fi kowanne tsari kuma an mayar da shi ɗan ƙaramin ado a kafaɗa. Mai saye ba zai gane abin da zai ba da kuɗinsa a kai ba sai ya san yadda aka yi aka zo nan.

Ƙungiyar ta shiga gasar NHL a 1970, shekara ɗaya da Buffalo Sabres, kuma tambarinta na farko wani mai zane ne ɗan yankin, Joe Borovich, ya tsara shi. Shuɗin fili ne mai lanƙwasassun kusurwa, siffar filin wasan hoki idan an hango shi daga sama, an kewaye shi da kore, sannan farar sandar hoki ta ratso shi daga gefen dama ta kwanta. Idan aka dube shi da kyau sai a ga sandar ta yanke filin ya zama harafin C, harafin farko na sunan ƙungiyar. Babu rubutu, babu dabba, babu wani ƙarin bayani. Launukan kuwa daga garin aka ɗauko su: shuɗin teku, koren dazuzzukan lardin British Columbia, da farin dusar ƙanƙara ta kan duwatsun da ke arewa da birnin. Yaro ɗan firamare zai iya zana wannan tambari a bayan littafinsa cikin minti ɗaya, kuma a ganina wannan ita ce jarrabawar da kowane tambarin ƙungiya ya kamata ya ci. A shekaru biyun farko akwai harafin V a cikin ratsin hannun rigar, daga baya aka cire shi, aka bar ratsin kawai.

Matsalar ita ce ƙungiyar ba ta taka rawar kirki ba a waɗannan shekaru, kuma idan ƙungiya tana shan kashi, riga ce abu mafi sauƙin ɗora wa laifi. A 1978 shugabanninta suka ɗauko wani kamfanin tallace-tallace na birnin San Francisco mai suna Beyl and Boyd, kamfanin kuma ya ba su shawarar cewa shuɗi da kore launuka ne masu sanyaya rai, alhali wasan hoki na buƙatar launukan da ke tayar da jijiyar wuya. Abin da ya fito daga wannan shawara shi ne rigar da ake kira Flying V. An share tambari daga ƙirji gaba ɗaya, aka maye gurbinsa da ƙaton harafin V mai ratsi-ratsi wanda ya taso daga kafaɗu biyu ya haɗu a tsakiyar ƙirji. Ta gida rawaya ce fau, ta waje baƙa, ratsin kuma ja mai ruwan lemo da baƙi ko rawaya. Har wandon ba a bari ba, shi ma an jera masa V a gefe. Masu tsarawa sun ce harafin na nufin nasara ne a Turance, ba sunan birnin ba, wanda ya nuna tun daga tushe ba Vancouver suke tunani ba.

An yi wa wannan riga dariya a ko'ina, kuma har yau idan ana lissafa munanan riguna a tarihin wasanni sai ta fito. Ni dai ba na cikin masu kare ta, amma ina ganin ana yi mata rashin adalci ta fuska ɗaya, domin ita ce rigar da ƙungiyar ta sa lokacin da ta fara kai wa zagayen ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakaran gasar, a 1982. A kan hanyar zuwa can ne kocinta Roger Neilson ya ɗaura farin tawul a kan sanda ya ɗaga wa alƙalan wasa a birnin Chicago, alamar ya miƙa wuya ga hukuncinsu cikin gatse, abin da ya zama al'adar kaɗa tawul da magoya baya ke yi har gobe. New York Islanders ta lallasa su a wasa huɗu a jere, amma waɗanda suka ga Stan Smyl da mai tsaron gida Richard Brodeur a cikin wannan V ba sa jin ta a matsayin abin kunya. Ana samun kwafinta a sashen tsoffin samfura, kuma masu sayenta yawanci don raha suke saye. Ban ba kowa shawarar ya sa ta a matsayin rigarsa ta farko ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne takalmin da ke ƙirjin baƙar rigar yau a jikin wannan V aka haife shi. A hannun riga yake a lokacin, ɗan ƙarami: takalmin sulu ya karkata ƙasa kamar yana gangarowa, sunan ƙungiyar ya zama ƙarfen da ke ƙasan takalmin, layuka masu yawa suna bin sa a karkace don nuna gudu, duka a cikin da'ira. A 1985 aka ɗauke shi aka kai ƙirji, aka rage V ɗin ya koma kafaɗa, a 1989 kuma aka jefar da ragowar V ɗin, aka mayar da rigar gida fara maimakon rawaya. A nan ne aka sami rigar da za a iya kallo ba tare da ido ya yi yaji ba. Tambarin kansa bai tsira daga bakin mutane ba, domin saboda yawan layukansa wasu sun riƙa kiransa farantin taliya, wasu kuma suna cewa takalmin da ke gangarowa ƙasa ya dace da ƙungiyar da ke gangarowa a teburi.

Sai 1994 ta zo ta wanke shi. A kakar nan Pavel Bure, ɗan Rasha mai gudun tsiya, ya ci ƙwallo 60 karo na biyu a jere, Trevor Linden yana kyaftin, Kirk McLean yana tsaron gida, Pat Quinn yana koci. Suka kai zagayen ƙarshe, New York Rangers ta yi gaba da wasa uku da ɗaya, suka farfaɗo suka rama har aka je wasa na bakwai, wanda shi ne na raba gardama, inda aka doke su da ci 3 da 2, kuma Linden ne ya ci ƙwallayen biyu duka. Akwai sanannen hoto na ƙarshen wasa na shida, Linden a gajiye, da jini a rigarsa, ya rungumi McLean, tambarin takalmin yana ƙirjinsu. Duk wanda yake yaro a British Columbia a wannan shekara, yau shi ne magidancin da ke da kuɗin sayen riga, kuma wannan shi ne ainihin dalilin farin jinin baƙar rigar. Ba na faɗin haka don in rage mata daraja. Ina faɗi ne don mai saye ya san cewa abin da ya sa take tashi a kasuwa ya fi ƙarfin zanen da ke jikinta.

Shekara uku kacal bayan wannan, aka yi watsi da komai. Ƙungiyar ta bar tsohon filinta na Pacific Coliseum ta koma sabon filin da ke tsakiyar birni a 1995, ikon mallakarta kuma ya koma hannun attajirin Seattle John McCaw, wanda kamfaninsa ke amsa sunan Orca Bay. A 1997 aka fito da tambarin oka, wanda Brent Lynch ya zana: dabbar ta fasa ƙanƙara ta taso, jikinta da fasasshiyar ƙanƙarar sun haɗu sun ba da harafin C, kanta da ƙayar bayanta kuma an yi su cikin salon zanen 'yan asalin gaɓar tekun, musamman al'ummar Haida. Launukan suka koma shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, ruwan makuba da ruwan azurfa. Zargin da aka yi tun ranar farko, kuma bai mutu ba har yau, shi ne wannan tambarin kamfani ne aka liƙa wa ƙungiya. Akwai gaskiya a zargin, ko da yake dabbar tana yawo a tekun da ke bakin birnin tun kafin a kafa kamfanin. Abin da ya ƙara ɓata masa suna shi ne abokan tafiyarsa: a bazarar da ya fito aka ɗauko Mark Messier, kyaftin ɗin Rangers da ta hana su kofi, ya karɓi kyaftin daga hannun Linden, aka sayar da Linden a farkon 1998, ƙungiyar kuma ta yi shekaru ukun Messier ba ta ko shiga wasannin fitar da gwani ba.

Akwai wata muhawara da ta taso da ƙarfi a 2020, kan ko ya dace ƙungiya ta ci riba da salon zanen 'yan asalin ƙasa alhali wanda ya zana ba ɗansu ba ne. Ra'ayi ya rabu har a cikin al'ummomin da abin ya shafa, wasu shugabanninsu sun fito sun ce ba su ga aibu ba, wasu masana da masu zane kuma sun ce ya kamata a ce an ba ɗan gida aikin. Ƙungiyar ta riƙe tambarinta. Mai sayen shuɗiyar riga ya kamata ya san da wannan magana, ko da ba za ta hana shi saye ba.

Rigunan wucin gadi guda biyu da aka yi a wannan tsakanin, ja mai narkewa zuwa baƙi ta 1995 da shuɗiya mai narkewa zuwa ruwan makuba ta 2001, ba su cancanci dogon bayani ba. Yayi ne na lokacin da injinan rini suka fara iya narkar da launi cikin launi, kowa ya so ya gwada, kuma yayin ya wuce.

Gyaran da ya kawo mu ga shuɗiyar yau ya faru ne a 2007, lokacin da kamfanin Reebok ya sake wa dukkan ƙungiyoyin gasar yankan riga, ƙungiyar kuma ta riga ta koma hannun iyalan Aquilini, 'yan garin. Aka dawo da shuɗi da kore da ratsin 1970, aka bar oka a ƙirji bayan an cire mata ruwan makuba, sannan aka yi kuskuren da ya zauna shekara goma sha biyu: aka rubuta VANCOUVER da manyan haruffa a lanƙwashe a saman tambarin. Rubutun ya danne dabbar, ya sa aka rage girmanta, ƙirjin ya cika da kaya, kamar dai ƙungiyar ba ta yarda tambarinta zai iya gabatar da ita shi kaɗai ba. Duk da haka a cikin wannan riga ne ƙungiyar ta yi zamaninta mafi ƙarfi. Tagwayen nan 'yan Suwidin, Henrik da Daniel Sedin, kowannensu ya zama wanda ya fi kowa maki a gasar, ɗaya a 2010 ɗaya a 2011, Roberto Luongo yana raga, ƙungiyar ta fi kowa maki a kaka biyu a jere, kuma a 2011 ta sake zuwa wasa na bakwai na ƙarshe, Boston Bruins ta doke ta da ci 4 da nema a gida. Ke nan kowane ɗaya daga cikin zuwa ukun da ta yi zagayen ƙarshe da kama dabam ta je, kuma ba ta dawo da kofi ko sau ɗaya ba. Montreal Canadiens, wadda tambarinta ya haura shekara ɗari ba a taɓa ainihin siffarsa ba, jika da kaka riga ɗaya suke tunawa. A Vancouver kuwa uba da ɗa ma sai su yi gardama a kan wacce ce rigar ƙungiyar.

A 2019, wajen bikin kaka ta 50, aka cire rubutun, aka ƙara wa oka girma, kuma wannan ita ce shuɗiyar da ke kan kanta yanzu. Idan aka shimfiɗa ta a kan gado, abin da ke fara burge mutum shi ne yadda koren ke zaune a tsakanin fararen ratsi biyu a hannu da ƙugu, domin kore a kan shuɗi kai tsaye yakan dushe, farin ne ke raba su ya bar kowanne ya fito. Wannan haɗin launi ba shi da na biyu a gasar, inda ja da baƙi da shuɗi mai duhu suka yi yawa har sun gundura. Tambarin ƙirjin yadi ne mai kauri hawa-hawa, an yi masa surfani a gefe, kuma idan aka shafa shi da yatsa ana jin tudun zaren azurfa a haƙoran dabbar da tsagin ƙanƙarar. Aibinsa a nan yake: tambarin shuɗi ne mai duhu da fari da azurfa, babu ɗigon kore ko ɗaya a jikinsa, shuɗinsa ma ba irin na rigar ba ne. Daga nesa ba a damuwa, amma a kusa sai a ga kamar hular da aka aro aka ɗora a kan ɗinkin da ba don ita aka yi ba. A kafaɗa kuwa ga tambarin 1970 nan, sanda a cikin fili, ɗan mitsitsi, ya dace da rigar fiye da wanda ke ƙirji. An yi riguna na uku, wato ƙari a kan ta gida da ta waje, masu ɗauke da shi a ƙirji a 2008 da 2019, ta 2008 ɗin ce a ganina mafi kyawun abin da ƙungiyar ta taɓa sawa, amma yanzu sai dai a neme ta a wajen masu sayar da na hannu.

Farar rigar waje tsarinta ɗaya da shuɗiyar, kuma abin mamaki tambarin ya fi zama a kanta, saboda a kan farin yadi rashin jituwar shuɗi biyun ba ya fitowa. Illarta ita ce illar kowane farin kaya, ga shi kuma ba a goge tambarin da dutsen guga, ba a kuma sa mata sinadarin cire tabo mai ƙarfi.

Baƙar ta dawo ne a hankali, bisa matsin lambar magoya baya. An sa ta dare ɗaya a 2016, aka sake sa ta a wasu wasanni na kakar bikin 50 bayan ta lashe ƙuri'ar da aka ba magoya baya, sannan a watan Janairun 2023 aka fito da sabon samfurinta a matsayin riga ta uku ta dindindin. Daren da aka fara sa ta dare ne na tunawa da Gino Odjick, ɗan wasan shekarun 1990 ɗan asalin al'ummar Algonquin wanda garin ke ji da shi, wanda ya rasu kwanaki kaɗan kafin nan, kuma wannan ya ƙara ɗaure rigar da zukatan mutane. An yi wa tambarin kwaskwarima, an rage masa tarkace, ja da rawayan sun fi fitowa. A jiki, gaskiya, ta fi shuɗiyar kyau. Baƙi yana shiga da kowane wando, ja da rawaya a kansa suna haskawa ko a cikin duhun filin wasa, kuma ita kaɗai ce a cikin ukun mutum zai sa ya fita gari ba tare da ya yi kama da wanda ya ɓace hanyar filin wasa ba. Tambarin dai har yanzu yana da cunkoso. Na sha nuna wa waɗanda ba su san wasan ba, kuma kafin su gane takalmi ne sai an bi musu layin da yatsa, sunan da ke ƙasansa ma sai an karkata kai ake karanta shi. Launukan kuma ba su da wata alaƙa da birnin da ke tsakanin teku da daji, sun fi kama da tutar Jamus.

Game da ɗinki da farashi, tun daga kakar 2024 kamfanin Fanatics ne ke samar da rigunan gasar, bayan Adidas da ta riƙe aikin daga 2017. Waɗanda 'yan wasa ke sawa ana ɗinka su ne a wata masana'anta da ke Saint-Hyacinthe a lardin Quebec, wadda ta daɗe tana wannan aiki ko wane kamfani ne ke da kwangilar. Mataki uku ne ke gaban mai saye. Na sama shi ne irin na 'yan wasa sak, wanda ya haura dalar Amurka 400, kuma ban ga dalilin sayensa ba sai ga mai tara kayan tarihi. Na tsakiya, mai suna Premium, yana haura dala 200 idan an sa suna da lamba, yana da tambari mai kauri da lambobi ɗinkakku, har da ɗan maɗaurin nan na ciki ta baya wanda 'yan wasa ke maƙalawa a wando don kada a tuɓe musu riga idan faɗa ya kaure. Na ƙasa, Breakaway, yadinsa ya fi laushi, tambarinsa yana naɗuwa, yankansa kuma ya fi kusa da na rigar yau da kullum. Ga baƙar riga na fi son na tsakiya, domin layukan takalmin suna buƙatar kaurin zare kafin su fito. Ga shuɗiya kuwa na ƙasa ya wadatar. Ko ta ina aka duba kuɗin yana da yawa a kan rigar roba, kuma tun da gasar ta halatta liƙa talla a ƙirjin 'yan wasa a 2022, har tallar banki ta hau rigar gida ta wannan ƙungiya, mutum na iya tambayar me ya sa farashin bai sauko ba.

Sai a kula da awo. Rigar hoki an yanka ta ne don ta hau kan sulken kafaɗa da na gwiwar hannu, saboda haka tana da faɗi, hannunta dogo ne, kuma samfurin tsakiya da lambobi ake auna shi, 46, 50, 52, 54 zuwa sama, ba da haruffa ba. Wanda zai sa ta a kan rigar sanyi mai hula, kamar yadda ake yi a filin wasa, ya ɗauki awonsa na kullum, wanda kuma zai sa ta a kan singileti ya sauko mataki ɗaya. Yadin yana da ƙananan huji amma yana da nauyi, tambarin ƙirjin kuma iska ba ta ratsa shi, don haka wanda zai aika da ita gida tsaraba ya san cewa kayan hunturu ce, baƙar ma musamman. Wanki da ruwan sanyi, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa.

Akwai wani tambari na huɗu da ke yawo a gefe, wato Johnny Canuck, mai saran itace da gemu da hular sanyi yana sulu riƙe da sanda, wanda ƙungiyar ta yi amfani da shi tun tana ƙaramar gasa kafin 1970. Ya fito a wata riga ta musamman a 2022, kuma shi ne tambarin ƙaramar ƙungiyarta ta Abbotsford, wadda ta ci Kofin Calder, kofin gasar da ke ƙasa da NHL, a 2025. Wasu na kiran a mayar da shi babban tambari. Ina fatan ba za a saurare su ba, ba don zanen ba shi da kyau ba, sai don ƙungiyar da ta sauya kama sau huɗu ba ta buƙatar na biyar.

Idan riga ɗaya mutum zai saya, kuma yana son wadda za ta nuna ƙungiyar da yake goyon baya a duk inda ya shiga, shuɗiyar zai ɗauka, saboda launukanta su ne abin da ƙungiyar ta mallaka wanda babu mai irinsa, kuma oka ta kusa shekara talatin a ƙirji, ta fi kowane tambari daɗewa. Idan kuwa kwalliya yake nema, ko yana cikin waɗanda 1994 ta kama, baƙar ba za ta ba shi kunya ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne sunan da za a ɗinka a baya. Ba a yi mako biyu da fitowar sabuwar baƙar riga ba aka sayar da kyaftin Bo Horvat ga Islanders, J.T. Miller ma ya bi hanya zuwa Rangers a farkon 2025, waɗanda suka biya kuɗin ɗinka sunayensu kuma aka bar su da riga. Lambobin da ƙungiyar ta jingine don karrama masu su, ta rataye a rufin filin wasa, su ne ba sa tashi: 10 ta Bure da 16 ta Linden sun dace da baƙar, 12 ta Smyl da tsohuwar V take tafiya, 19 ta Markus Naslund ta zamanin oka ce, 22 da 33 na tagwayen Sedin kuma wurinsu shuɗiya ko fara.